Na'urar auna sukari ta Accu-Chek Active: ƙarfinta da rauninta duk a tsinken gwaji suke

Accu-Chek Active na cikin na'urorin auna sukarin jini da aka fi samu a shagunan magani da ƙananan asibitoci a ƙasar nan, kuma kamfanin Roche ne ke yin ta. A kwalin akwai na'urar, da alƙalamin huda yatsa mai suna Softclix, da 'yan allurai, da jaka, galibi har da tsinken gwaji guda goma na somin taɓi. Batir ɗaya take ci, irin mai kama da kwabo, CR2032, wanda ke kai wa gwaji wajen dubu. Tana karanta sukari daga 10 zuwa 600 mg/dL, wato miligiram na sukari a kowace mililita ɗari ta jini. Idan ya gaza haka sai ta rubuta LO, idan ya zarce ta rubuta HI. Tana riƙe sakamako 500 da rana da lokaci, tana kuma fitar da matsakaicin kwana 7 da 14 da 30 da 90. Wannan duk yana jikin kwali, kowa na iya karantawa. Abin da mai saye bai cika sani ba shi ne na'urar kanta ba ta san sukari ba. Launi kawai take gani. Mai gane sukarin wani sinadari ne ɗan mitsitsi da aka busar a kan tsinken, kuma ingancin duk lambar da ta fito ya rataya ne a wuyansa.

Sinadarin nan enzayim ne, wato furotin da ke hanzarta wani aiki guda a kan wani abu guda. Na cikin tsinken Active sunansa gulukos dihaidurojines, asalinsa daga wata ƙwayar bakteriya da ake kira Acinetobacter, yana aiki tare da wani ɗan mataimaki da ake taƙaita sunansa da PQQ. Da ɗigon jini ya sauka, wani siririn rariya ya tare jajayen ƙwayoyin jini, ruwan jinin ya ratsa ya jiƙa busasshen enzayim ɗin. Nan take ya kama gulukos, ya zare masa elektiron biyu, ya mayar da shi gulukonolakton. Elektiron ɗin su bi ta wani sinadari mai aikin ɗan aike, su isa ga wani gishirin molibdenom wanda ke rinewa zuwa shuɗi idan ya karɓe su. Yawan sukari, yawan duhun launi. Na'urar ta haska fitila daga ƙasa, ta auna hasken da ya dawo, ta mayar da shi lamba. Duk a cikin daƙiƙa biyar, da jinin da bai wuce mikirolita ɗaya zuwa biyu ba.

Tambayar da ta kamata a yi wa kowace na'ura irin wannan ita ce: enzayim ɗinta yana iya bambance gulukos da 'yan'uwansa? Domin sukari dangi ne babba, kuma kamanninsu ta ɓaci. Gulukos da galaktos da furuktos duk lissafinsu ɗaya, kabon 6, haidurojin 12, iskar oksijin 6. Bambancin a tsarin zama yake. Gulukos a cikin jini naɗe yake kamar zobe mai kusurwa shida, kuma kusan kowane kabon yana riƙe da ɗan hannu na oksijin da haidurojin, wani ya kalli sama, wani ƙasa. Galaktos, wanda ke fitowa daga sukarin madara, gulukos ne sak, sai dai hannun da ke kan kabon na huɗu ya juya. Maltos kuwa gulukos biyu ne aka ɗaura, kabon na ɗaya na wannan da kabon na huɗu na wancan. Shi enzayim mai PQQ a kan kabon na ɗaya yake aikinsa, kuma a halittarsa ta asali bai damu sosai da abin da ke rataye a ɓangaren kabon na huɗu ba. Saboda haka idan maltos ya zo masa da kansa mai sake, sai ya karɓe shi a matsayin gulukos.

Wannan ba ƙaramin aibi ba ne, rayuka sun salwanta a kansa. A watan Agustan 2009 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa ta sami rahoton mutuwar mutum 13 tsakanin 1997 da 2009 da ke da alaƙa da tsinken gwaji masu irin wannan enzayim. Yawancinsu masu ciwon ƙoda ne da ake yi wa wankin ciki da ruwan da ke ɗauke da aikodekstirin, wanda jiki ke farfasa shi ya zama maltos. Na'ura ta nuna sukari ya hau, a ƙara insulin, alhali sukarin gaskiya ƙasa yake yi. Roche ya gyara ta hanyar sauya wasu 'yan amino asid, wato tubalan da aka gina furotin da su, a jikin enzayim ɗin domin ya daina karɓar maltos, kuma tsinken Active na yanzu wannan gyararren ne ke ciki. A takardar da ke cikin kwalin za a ga an rubuta Mut. Q-GDH. Duk ma'aikacin lafiya da ke kula da masu wankin ƙoda ya duba wannan rubutun da idonsa, kada ya dogara da sunan kamfani kawai. Gyaran bai kawar da matsalar galaktos ba: idan ya haura 15 mg/dL a jini, sakamako zai fito sama da gaskiya. Ga baligi lafiyayye wannan ba abin damuwa ba ne, hanta tana kwashe galaktos da sauri. Ga jaririn da ake zargin jikinsa ba ya sarrafa sukarin madara, lambar na'urar ba abin amincewa ba ce, sai an tabbatar a ɗakin gwaji. Haka ma wanda aka ɗaura wa bitamin C mai yawa ta jijiya, domin shi bitamin C da kansa yake ba da elektiron, launi ya rine ba tare da sukari ba.

Me ya sa ba a yi amfani da gulukos oksides ba, enzayim ɗin da ake samu daga fumfunar Aspergillus niger, wanda tun 1962 masana biyu, Clark da Lyons, suka ɗora tunanin na'urar auna sukari a kansa? Shi wajen tantancewa ba shi da na biyu, gulukos kawai ya sani. Rauninsa iska ce: oksijin yana gasa da ɗan aiken wajen karɓar elektiron, don haka majinyacin da aka sa wa iskar oksijin sakamakonsa kan fito ƙasa, wanda numfashinsa ya yi rauni kuma nasa ya fito sama. Dihaidurojines ba ruwansa da oksijin. A ɗakin kwanciya na asibiti wannan fifiko ne na gaske, kuma yana cikin dalilan da suka sa muke ganin Active ta fi yawancin na'urori masu araha da ke cika kasuwa.

Akwai wani abu a tsarin sukari da ke da amfani kai tsaye ga mai gwaji a gida. Sukarin shayi, sukuros, gulukos ne da furuktos da aka ɗaura ta kawunansu masu aiki, don haka enzayim ɗin ba ya ganinsa. Amma dabino da zuma cike suke da gulukos sakakke. A yi lissafi: jini mai sukari 100 mg/dL, mikirolita ɗaya nasa yana ɗauke da mikirogiram ɗaya ne kacal na gulukos. Wato kashi ɗaya cikin miliyan na giram. Ɗanƙon dabinon da ya rage a yatsa, wanda ido ba ya gani, ya isa ya ninka lambar sau biyu ko uku. Mai azumin da ya ɓare wa yara dabino, ya zo ya huda yatsa bai wanke ba, zai iya ganin 250 alhali yana 95. Goga auduga mai sifirit ba ta wadatar ba, domin sukari ba ya narkewa sosai a cikinsa. Ruwa da sabulu, sannan a busar sarai, domin ragowar ruwa kuma tsinka jinin yake yi ya saukar da lamba. Idan babu ruwa a kusa, a goge ɗigon farko da auduga busasshiya a yi amfani da na biyu.

Wajen aiki na'urar ba ta da wuya. A zura tsinke ta kunna kanta, alamar ɗigo ta fara ƙiftawa. Softclix yana da matakan zurfi goma sha ɗaya, daga 0.5 zuwa 5.5. Mai taushin fata 2 ko 2.5 ta ishe shi, manomi ko makaniki mai kanta a hannu sai ya kai 4. A huda gefen kan yatsa, ba tsakiyar tsoka ba, domin a tsakiyar ne jijiyoyin jin zafi suka fi yawa. Kada a matse bakin hujin da ƙarfi, ruwan tsoka zai gauraya da jinin. A sauke hannu ƙasa, a shafo daga gindin yatsa. Ita Active ɗora mata jini ake yi a tsakiyar filin gwajin, ba zuƙa take yi ta gefe kamar wasu ba, kuma ana so ɗigo ya sauka ya rufe filin ba tare da an dangwala yatsa ana shafawa ba. Tsofaffi masu rawar hannu ko raunin gani sukan sha wuya a nan, kuma wannan ragi ne a gare ta idan aka kwatanta da masu zuƙa. Abin da ya rage zafin matsalar shi ne ana iya zare tsinken bayan alamar ɗigo ta fito, a kai shi ga yatsa, a mayar cikin daƙiƙa 20, sakamako ya fito bayan kamar daƙiƙa takwas. A asibitin da ake gwada mutane da yawa da na'ura ɗaya, wannan hanya ta fi tsabta, jini ba ya kusantar jikin na'urar. Allura kuwa ta mutum ɗaya ce, alƙalamin ma haka, saboda cutar hanta da ke bin jini.

Tsofaffin samfura suna buƙatar a sa musu ɗan guntun lamba da ke zuwa da tsinke, sababbi ba sa buƙata. Abin da ya fi wannan muhimmanci wajen saye shi ne ma'auni. Kowace na'ura da nata aka ƙera ta, mg/dL ko mmol/L, kuma ba a iya sauyawa. A tambayi irin wanda asibitin da ake zuwa ke amfani da shi kafin a biya kuɗi. Idan an riga an saya, lissafin ba wuya: nauyin ƙwayar gulukos a ma'aunin masana sinadarai 180 ne, don haka a raba mg/dL da 18 a sami mmol/L. 126 shi ne 7.0, 180 shi ne 10, 70 kuma 3.9.

Inda Active ta fi ba da matsala a yanayinmu wuri biyu ne, zafi da ƙura. Enzayim furotin ne, kamar farin ƙwai, zafi yana warware naɗinsa kuma ba ya komawa. An rubuta a ajiye tsinken tsakanin digiri 2 da 30, ita na'urar kuma ta yi aiki tsakanin 8 da 42. Ɗaki mai rufin kwano a Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu ya wuce 30 nesa ba kusa ba, balle aljihun mota da aka bari a rana. Tsinken da ya dahu ba kullum yake nuna alama a ido ba, kawai lambobinsa ne za su riƙa kaucewa. Shagon da ke ajiye kwalaye a kanta mai kallon rana, a wuce shi ko da ya fi sauƙi. A gida a nemi wuri mafi sanyi, ƙasan akwati a ɗakin da rana ba ta duka, ko kusa da randa amma ba inda laima za ta taɓa ba. Firji yana yi muddin ba ɓangaren ƙanƙara ba, sai dai a bar gwangwanin tsinken a rufe ya huce kafin a buɗe, in ba haka ba raɓa za ta sauka a kan tsinken. Murfin gwangwanin yana ɗauke da sinadarin tsotse laima. Wanda ya juye tsinke a leda ko ambulan, ko ya bar murfi a buɗe da damina, ya lalata su. Shi ya sa sayen tsinke ɗai-ɗai da wasu ke yi don sauƙi asara ce.

Ƙura kuwa matsala ce ta musamman ga wannan na'ura, tunda da haske take gani. A ƙarƙashin inda tsinke ke kwanciya akwai 'yar taga ta gilashi. Ƙurar hunturu ko busasshen jini ya zauna a kanta, hasken da ke dawowa ya sauya, na'ura ta ba da saƙon kuskure ko, abin da ya fi muni, lamba marar gaskiya. Murfin wurin yana zamewa ya fita. A goge tagar da auduga mai ɗan damshin ruwa, a hankali kada a karce, a bar ta ta bushe, a tabbatar babu zaren auduga da ya maƙale. Da hunturu a riƙa dubawa kowane mako. Kada kuma a yi gwaji a inda rana ke dukan na'urar kai tsaye, hasken yana shiga ya rikita ta. Na'urorin auna sukari masu karanta tsinke da lantarki maimakon haske ba su da wannan lalura, kuma wanda aikinsa na yawo ne a fili yana da hujja idan ya zaɓi ɗaya daga cikinsu.

Amma hanyar launin ta zo da wata kyauta da waɗancan ba su da ita. A bayan tsinken akwai 'yar taga zagayayya, a jikin gwangwani kuma akwai jerin launuka da lambobi. Kafin gwaji, launin tagar ya dace da na farko a jerin. Idan ya riga ya rine, tsinken ya mutu, a jefar. Bayan an ɗora jini, tsakanin daƙiƙa 30 da 60, ana iya kwatanta launin da jerin a ga ko ya yi kusa da abin da na'ura ta ce. Ba a yanke yawan insulin da za a yi allura da wannan, amma yana tona asirin na'urar da ta fara ƙarya. Akwai kuma ruwan gwaji na kamfani mai sananniyar lamba, wanda ake ɗigawa maimakon jini, sai dai ba ya zuwa a kwali kuma samunsa a shaguna da wuya. Wannan gazawa ce ta masu rarraba kayan, domin shi ne hanya mafi sauƙi ta gane tsinken da zafi ya kashe.

Sai batun da ke jawo gardama kullum: na gwada a gida na ga 140, na je asibiti aka ce 122, wa ya yi ƙarya? Mai yiwuwa babu. Ƙa'idar ingancin irin waɗannan na'urori ta duniya, ISO 15197 ta 2013, ta yarda kashi 95 cikin ɗari na sakamako su faɗa cikin 15 mg/dL idan sukari bai kai 100 ba, ko cikin kashi 15 cikin ɗari idan ya kai. Wato sukarin gaskiya 200 na iya fitowa 170 ko 230. Kuma ba kullum na'urar gida ce mai laifi ba. Jajayen ƙwayoyin jini ba su da wata hanyar samun ƙarfi sai ƙona gulukos, kuma ba sa dainawa don an zuba su a kwalba: sukan cinye kashi 5 zuwa 7 cikin ɗari a kowace awa. Kwalba mai murfi ruwan toka tana da fuloraid da ke toshe enzayim enoles, amma shi enoles yana can ƙasa a jerin matakai goma na ƙona gulukos, don haka matakan farko suna ci gaba da ci har awa ɗaya ko biyu. Jinin da ya daɗe a kan tebur kafin a juya shi a injin da ke raba ruwan jini da ƙwayoyinsa zai ba da lamba ƙasa da gaskiya. Bayan cin abinci kuma jinin yatsa ya fi na jijiya sukari, tunda tsoka ba ta riga ta ɗebi rabonta ba. Wanda ke son gwada na'urarsa ya je da ita asibiti da safe bai karya ba, ya huda yatsa cikin minti biyar da ɗibar jinin. Wannan tazara ce ta sa ba a yanke wa mutum hukuncin ciwon sukari da na'urar gida. Iyakar 126 kafin karin kumallo, da 200 awa biyu bayan shan giram 75 na gulukos, na jinin jijiya ne a ɗakin gwaji.

Yawan jini ma yana taɓa sakamako. Idan jajayen ƙwayoyi sun yi ƙaranci, ruwan jini ya fi yawa a ɗigon, lamba ta kan hau. Iyakar Active ta ƙasa ita ce PCV 20, wato jajayen ƙwayoyi su zama kashi 20 cikin ɗari na jinin. Masu sikila, da yaron da zazzaɓin cizon sauro ya shanye wa jini, da mai jego da ta zubar da jini, suna iya faɗawa ƙasa da haka, kuma su ne sukarinsu ke iya faɗuwa ba zato, musamman yaron da ake yi wa maganin kwinin. Haka wanda gudawa ta ƙarar wa ruwa ko jininsa ya faɗi, hannu ya yi sanyi: jinin yatsarsa ba ya wakiltar na jikinsa. A irin waɗannan, idan alamun majinyaci sun saɓa wa lambar, alamun za a bi.

Ga mai ciwon da ke gida, amfanin na'urar yana ga lokacin da aka zaɓa. Duk jinin baligi bai ɗauke da gulukos fiye da giram huɗu zuwa biyar ba, cokalin shayi ɗaya, alhali malmalar tuwo tana sakin ninkin haka da yawa da zarar enzayim amiles na yawu da hanji ya farfasa sitacinta. Gwajin awa biyu bayan fara cin abinci shi ke nuna yadda jiki ya iya da wannan lodi, kuma abin nema ga yawancin masu ciwon shi ne ƙasa da 180. Na asuba kuwa labarin hanta yake bayarwa, domin ita ke sakin gulukos daga rumbunta na gilaikojin cikin dare, shi ya sa mutum kan kwana bai ci komai ba ya tashi da 160. Maganin ciwon sukari metformin a kan hantar yake aiki. Na'urar tana da alamar kafin abinci da bayan abinci, kuma ya kamata a riƙa sa su, in ba haka ba matsakaicin da take fitarwa ya zama gauraye marar ma'ana. A saita rana da lokaci duk sanda aka sauya batir. Mai shan gilibenkilamaid ko mai allurar insulin, idan ya ga ƙasa da 70, ya sha giram 15 na sukari, kamar cokalin shayi uku zuwa huɗu a ruwa, ya sake gwadawa bayan minti 15. Mai shan akabos sukarin shayi ba zai yi masa saurin aiki ba, domin maganin yana toshe enzayim ɗin da ke raba sukuros a hanji, shi gulukos tsantsa zai nema. Da azumi, jagororin likitoci sun ce a karya idan lamba ta sauka ƙasa da 70 ko ta haura 300.

Kuɗin na'urar sau ɗaya ne, na tsinke shi ne na kullum, kuma na Active ya fi na na'urori marasa suna tsada. Abin da ake biya shi ne enzayim da aka san halinsa, da takarda mai bayyana iyakokinsa, da tsinken da za a samu a kusan kowane babban gari. Mun ba da shawarar ta ga mai ciwon da ke gwaji a gida da kuma ƙaramin asibiti, bisa sharaɗin a sami wurin ajiya mai sanyi da mai goge tagar. Ga tsoho mai rawar hannu da ke zaune shi kaɗai, mai zuƙa ta fi dacewa. Wajen saye a duba lambar NAFDAC, a tabbatar hatimin kwali bai tashi ba, ranar ƙarewar aiki ta kwali ta yi daidai da ta gwangwani. Gwangwani mai 50 ya fi sauƙi a lissafin kowane tsinke, amma wanda ke gwaji sau ɗaya ko biyu a mako gara ya ɗauki ƙarami, don kada sauran su kwana wata shida cikin zafin bazara.